Abin da Noman Tumatir Ya Yi Mini a Kadawa

Ni haifaffen cikin birnin Kano ne, a Ƙofar Mata aka yanke mini cibiya, kuma har na kai shekara 34 ban taɓa riƙe fartanya da niyyar aiki ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tela ne. Ni kuwa tun ina sakandare nake bin wani ubangida zuwa Kantin Kwari, har Allah ya sa ya sallame ni da ɗan jari, na kama tebur, daga baya na samu rabin shago ina sayar da atamfa da shadda. Ina faɗin wannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da ya kwashi kuɗinsa ya shiga noma a ƙarshen 2015.

A shekarar nan kasuwa ta fara sanyi. Dala ta yi wuya, kaya kullum tashi suke, in ka sayar da dila yau kuɗin ba zai sayo maka irinta gobe ba. Gidajen rediyo kuma ba su da magana sai a koma gona. A watan Nuwamba shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya je Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance, ga kuma labarin wani babban kamfanin markaɗa tumatir da aka gina a Kadawa, ana cewa yana gab da fara aiki. A majalisarmu ta bayan sallar isha'i kowa ya zama manomi da baki. Wata rana wani maƙwabcina a kasuwa ya yagi kwali ya zauna ya yi mini lissafi. Ya ce eka ɗaya ta tumatir in ta yi kyau ba ta kasa kwando 200, ya ninka da kuɗin kwando, ya cire haya da taki da ƙwadago, abin da ya rage ya fi ribar da nake samu a shago a shekara guda. Cikin wata huɗu kacal. Ban tambaye shi ko ya taɓa nomawa da kansa ba. Kuɗin kwandon da ya yi lissafi da shi kuwa na lokacin da tumatir yake tsada ne, ba na lokacin da nawa zai nuna ba. Wannan ban gane shi ba sai da aski ya zo gaban goshi.

Da na gaya wa mahaifiyarmu, sai ta yi shiru, can ta ce, "Kai da ba ka san dawan garin ba, wa zai tsaya maka a can?" Na ce, "Hajiya, akwai mutum, amintacce ne, ɗan yankin ne." Ta ce, "To, Allah ya sa albarka. Amma kada ka taɓa kuɗin mutane." Na amsa mata da to, alhali a ranar na riga na karɓi naira 300,000 a hannun yayana a kan za mu raba riba. Na haɗa da naira 700,000 da na zare daga jarin shago.

Na kama hayar eka biyu a yankin Kadawa, cikin filayen noman rani da ake shayarwa da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin gwamna Audu Bako. Ranar da aka kai ni ganin gonar, ruwa na gudu a babbar magudana, ko'ina kore shar, zuciyata ta cika da murna. Abin da ban lura da shi ba shi ne, gonar da aka ba ni tana can ƙarshen layi. Kafin ruwa ya iso gare ni sai na gaba sun sha sun ƙoshi, ga yashi da ciyawa sun cushe ƙaramar magudanar da ke kawo mana. Duk manomin wurin ya san wannan, shi ya sa hayarta ta yi sauƙi. Ni kuwa na ɗauka ciniki na iya. Mako uku da yin dashe sai ga waya, wai shuka na neman bushewa, dole a nemo injin ban ruwa da tiyo a riƙa jawowa daga inda ruwan ya tsaya. Kuɗin inji da na fetur ba sa cikin kwalin nan da aka yi mini lissafi a kai.

Wanda ya tsaya mini wani magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ɗan uwan maƙwabcin nawa na kasuwa. Mun yi da shi a kan zan ba shi kaso idan an kwashe amfani, ban yanka masa ko sisi na wata-wata ba. Ni ina Kwari, shi yana gona, waya ce tsakaninmu. "Alhaji, ana bukatar takin kamfa buhu huɗu." In tura. "Alhaji, ciyawa ta taso, 'yan ƙwadago sun yi jinga." In tura. "Alhaji, lokacin yuriya ya yi." In tura. Ina zuwa ranar Lahadi, wani lokacin ma sai in tsallake mako, in tsaya a bakin gona da takalmi sau-ciki, in ga kore, in ɗauki hoto in dawo. Ban san bambancin ganyen da ya ƙoshi da taki da wanda yake jin yunwa ba. Daga baya na tabbatar cewa ba duk takin da na saya ne ya shiga ƙasata ba, wani ya tafi gonarsa, wani ya koma kasuwa. Na yi fushi ƙwarai a lokacin, har na yi niyyar kai ƙara wajen mai gari. Yanzu da na san wahalar wurin, ba na wanke shi, amanar da ya ci tana kansa, amma na san nawa laifin. Na bar mai iyali wata huɗu yana yi mini wahala a rana ba tare da na tambayi abin da gidansa zai ci ba, na kuma jibge masa buhunan taki babu mai ƙirgawa.

Duk da haka tumatir ya yi. Eka ɗaya da muka dasa a Nuwamba ta fara nuna a farkon Fabrairu na 2016. Ranar tsinkar farko na kwana ban yi barcin kirki ba saboda ɗoki. Da asuba na hau mota a Unguwa Uku, muka wuce Tamburawa da Kura, kafin hantsi ina gona. Muka tsinka, muka ɗora kwanduna zuwa kasuwar Kwanar Gafan.

Wanda bai taɓa ganin Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Iya ganinka ja ne. Kowa ya yi dashe lokaci ɗaya saboda tumatir sanyin hunturu yake so, don haka na kowa ya nuna lokaci ɗaya. Manyan motoci suna lodi zuwa Legas da sauran garuruwan kudu, kuma farashin ranar ya danganta ne da yawan motocin da suka shigo da kuma abin da aka bugo waya aka ce ana sayarwa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Dillali ya zo ya ɗaga ganyen da aka rufe kwando da shi, ya duba, ya faɗi kuɗi. Na ɗauka wasa yake. Na ce albarka. Ya ce, "Alhaji, wannan ba shadda ba ce da za ka mayar kanta ka jira gobe. In rana ta yi tsaka, abin da na faɗa ma ba za ka samu ba." Haka kuwa aka yi. Na ƙi sayarwa da safe, da la'asar na sayar ƙasa da tayin farko. Da na cire kuɗin kwando, da na masu tsinka, da na mota, da la'adar dillali, abin da ya rage a hannuna bai kai kuɗin fetur ɗin da inji ya sha a makon ba.

A kasuwarmu na saba cewa mai kaya shi ke da ƙarfi, in ciniki bai yi ba ka ninke kayanka ka ajiye. A tumatir mai saye ne ke da ƙarfi, domin ya san kayanka na mutuwa a hannunka. Kuma tsinka ba ta jira, bayan 'yan kwanaki wani ya sake nuna, ko ka tsinka ko ya ruɓe a jikin uwarsa. Akwai makon da na ga manoma sun bar tumatir a gona saboda kuɗin tsinka ya fi kuɗin sayarwa. Masu dabara suna yanka nasu su shanya a yi kauɗa, su ajiye sai damina. Ni ba ni da wurin shanya, ba ni da masu yankawa, ban ma san ana yi ba sai da na gani a bakin titi. Sau ɗaya na haɗa kai da wasu muka tura kaya Legas da kanmu. Motar ta lalace a hanya ta kwana biyu, abin da dillalin can ya aiko mini bai biya kuɗin motar ba.

A nan ya kamata in tsaya. Amma wanda ya yi asara yana da wani irin kunne, duk maganar da ta ce masa zai mayar da kuɗinsa ita yake ji. Aka ce mini ai masu cin ribar tumatir su ne masu dashen baya, wanda zai nuna a Afrilu da Mayu lokacin da na kowa ya ƙare. Dama mun dasa eka ta biyu a ƙarshen Janairu. Sai na ƙudura cewa a kanta zan fanshe, in ba ta taki da ruwa da magani yadda ya kamata. Kuɗi kuwa sun ƙare. Na koma gida na zauna da maiɗakina na yi mata bayani. Tana da sarƙa da 'yan kunne na gwal da ta gada wajen mahaifiyarta. Ban roƙe ta kai tsaye ba, amma na yi maganar ta yadda za ta gane, wanda a wurina yanzu ya fi roƙon muni. Da safe ta ɗauko su a ƙulle cikin hankici ta ce, "Malam, ga wannan, a sayar a yi abin da ya dace. In Allah ya kawo sai ka mayar mini." Na karɓa.

Eka ta biyu ta yi kyan da ta farko ba ta yi ba. Ta yi fure, ta fara ɗaurin 'ya'ya, zafi ya shigo amma muna ba ta ruwa. Wajen tsakiyar Afrilu mutumina ya bugo ya ce, "Alhaji, akwai wani abu a ganye, ka zo ka gani." Na ce ya sayi magani ya fesa, zan shigo Lahadi. Ranar Talata ce. Da na je Lahadi, gonar kamar an bi ta da wuta. Ganyen ya yi fari-fari, ya bushe ya nannaɗe, in ka ɗaga shi a rana sai ka ga wata 'yar tsutsa a cikinsa, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, tana cin naman ganyen. 'Ya'yan kuma duk an huda su, ruwa na tsiyaya. Manoma suna kiranta sharon. Daga baya na ji malaman gona suna cewa sunanta Tuta absoluta, asalinta daga Kudancin Amurka take, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta bi ta arewacin Afirka har ta iso mana. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare, yana zuba ƙwai da yawa a jikin ganye, kuma zafi yana sa su saurin ƙyanƙyashewa. Tunda tsutsar a cikin ganye take, maganin da ake fesawa a sama ba ya isa gare ta yadda ya kamata.

Ban san duk wannan ba a lokacin. Abin da na sani shi ne in sayi magani. Duk wanda ya ce ga mai ƙarfi sai in saya. Muka fesa da safe, muka fesa da yamma, muka haɗa kala biyu da uku a tanki ɗaya. Wani ma da na saya a hannun wani mai talla a bakin kasuwa, daga baya aka nuna mini cewa jabu ne, an canja masa takarda. Yaron da ke mana feshi ba safar hannu, ba abin rufe hanci, ya kwana biyu yana amai da ciwon kai, sai da na kai shi asibiti. Wannan yana cikin abubuwan da har yau in na tuna nake neman gafarar Allah, domin saboda kuɗina na jefa ɗan mutane cikin guba. Cikin kwana goma gonar ta tashi daga aiki. Kwando bakwai muka tsinta a eka guda.

Ba ni kaɗai ba ne. Annobar ta cinye gonaki a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, kamfanin nan na Kadawa ma ya dakata saboda babu tumatir ɗin da zai markaɗa. Farashi ya yi tashin da ba a saba gani ba. A kasuwar 'Yankaba ta Kano ana sayar da tumatir ƙwaya-ƙwaya kamar lemo, gidaje suka koma na gwangwani da kauɗa. Kuɗin da na yi mafarkin samu ga shi nan ana biya, har ya zarce, ni kuma ba ni da abin sayarwa.

Azumi ya kama a farkon Yuni. Duk ɗan Kwari ya san cewa cinikin shekara a makonnin nan yake, daga kafin azumi zuwa jajibirin sallah. Ni kuwa kantata ta yi fayau, ba jarin da zan saro kaya. Abokan cinikina na shekaru suna zuwa su duba su wuce shagon gaba. Wannan asarar ta biyu ba ta cikin lissafin kowa, kuma ta fi ta gonar ciwo, domin wanda ya saba da wani shagon ba lallai ya dawo ba. Bayan sallah na kasa biyan kuɗin rabin shagon, na koma tebur.

Zuwa wajen yayana shi ne abu mafi nauyi. Na yi kwana uku ina zuwa ƙofar gidansa a Gwammaja ina juyawa. Da na shiga na faɗa masa, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sau nawa ka kwana a gonar?" Na ce ko sau ɗaya. Ya ce, "To ni na ɗauka da kai na haɗa jari, ashe da waya na haɗa." Ya ce tunda kasuwanci ne, asara ta kowa ce, ba ya bina komai. Ni na ƙi yarda, domin na san ban tsaya wa dukiyarsa yadda ya kamata ba. Na riƙa kai masa kaɗan-kaɗan, sai a 2021 na gama. Hajiya kuwa da labarin kuɗin ya kai gare ta, cewa kawai ta yi, "Ba na hana ka ba?" Ta juyar da kai. Na fi wata ban iya haɗa ido da ita ba.

A 2018 na sake gwada kiwon kaji 200 a bayan gida, da nufin in sayar da sallah. Na zuba su cikin tsananin zafin bazara a ɗaki mai rufin kwano marar iska, fiye da rabi suka mutu, sauran kuma suka cinye ribarsu a abinci kafin in samu mai saye. Shi ma daga jin labari na shiga.

Abin da ya mayar da ni gona wani dattijo ne da gonarsa ke maƙwabtaka da wadda na yi haya. Tun lokacin annobar yake kallona. Na je yi masa ta'aziyyar rasuwar matarsa a 2019, muka zauna a zaure, ya ce, "Ɗana, ka bar noman ke nan?" Na ce, "Baba, ai na ji jiki." Ya ce, "Ba noma ka yi ba, kuɗi ka aiko. In kana so, ga rabin eka kusa da ruwa, amma da sharaɗi, ranar ban ruwa ƙafarka tana ciki." Na karɓa. Na samu yaro mai tsare mini tebur, ni kuma Talata da Alhamis da Asabar ina gona tun sassafe.

A wajensa na ga yadda masu abin suke yi. Bai taɓa zuba tumatir a duk gonarsa ba. Wani ɓangare albasa, wani masara, wani alkama, tumatir ɗan kaɗan, da damina kuma shinkafa. Ya ce albasa in ta yi arha kana iya ajiye ta a rumbu mai iska ta jira kasuwa, ko da za ta rage nauyi wata ta ruɓe, hatsi kuma in bai sayu ba gidanka zai ci. Ya koya mini in riƙa juya ganye ina duba bayansa tun ana rainon iri, in tsinke wanda ya kamu in binne, kada in bar karan tsohon tumatir a gona bayan an gama, kada kuma in nace wa magani iri ɗaya har ƙwaro ya saba da shi. Ya koya mini in je kasuwa in ga farashi kafin in sa a tsinka, in kuma san wanda zai saya tun kaya na gona. Na fara rubuta duk abin da na kashe a littafi, har kuɗin motata da abincin 'yan aiki, kamar yadda nake yi a Kwari. Abin mamaki, ni da ba na barin yadi ɗaya ya fita shago ban rubuta ba, na kashe fiye da miliyan a gona babu ko takarda ɗaya.

Ba zan ce yanzu hankali kwance nake noma ba. A Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, tumatir ya nuna babu takardar naira a hannun kowa, masu tsinka suka ce ba sa karɓar tiransifa domin yawancinsu ba su da asusun banki, sai da muka biya wasu da masara. A shekarar sharon ta sake dawowa, ta ci mini wani ɓangare, amma wannan karon na gan ta da wuri kuma albasa ta rufa mini asiri. Bayan an cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, kuɗin ban ruwa da inji da kuɗin motar zuwa gonar suka ninka, taki ma ya bi su. Akwai shekarar da na fita da riba, akwai wadda uwar kuɗi kawai na mayar. Yau eka ɗaya da rabi nake nomawa, kuma ban ƙara saka kuɗin shago ko na wani a ciki ba.

Baba ya rasu bara, Allah ya gafarta masa, 'ya'yansa sun bar mini hayar filin. Gwal ɗin maiɗakina ne har yanzu ban mayar ba. Duk shekarar da na tara wani abu na je wajen masu gwal, sai in tarar kuɗin giram ya wuce inda na bar shi. Shekara biyu da suka wuce na samu na sayo mata 'yan kunnen, ta karɓa ta yi godiya, ta ce in bar maganar sarƙar, ta yafe. Na ce mata ban yafe wa kaina ba, kuma ko na sayo wata ba za ta zama ta mahaifiyarta ba. Akwai albasa buhu 18 a rumbu yanzu, na ware shida daga ciki da sunanta, ina jiran kasuwa ta motsa.